Takardar da Na Bar wa Sahura a Aljihun Tebur

Sahura, ga makulli, ga kujera.
Ƙafarta ta hagu gajera ce, ki tokare da kwali.
Shekara goma sha tara ina ƙirga shinkafar Argungu
a kwamfutar nan mai tari kamar tsohon injin ban-ruwa.
Abin da na tsinta ba yawa, ga shi.

Fayil ɗin da yara suka kawo daga fadama,
da ƙamshin laka bai bar shi ba,
kar ki taɓa shi. Iri ne.
Ba a tuwo da iri.
Ki kwafa, ki yi ɓarnarki a kan kwafi,
asalin ya kwana wuri biyu,
ɗaya a filashi, can ƙasan jakarki.

In kin ga gurbi wayam, kar ki cusa masa sifili.
Sifili, an je gonar, ambaliya ta cinye.
Gurbi, babur ɗin Kakale ne ya mutu a hanyar Gulma,
bai isa ba, bai tambaya ba.
Manomi ya san bambancin.
Manhaja ba ta sani ba sai kin gaya mata.

Wata shekara na kai rahoto Birnin Kebbi
cewa magidancin ƙauye ɗaya na da 'ya'ya ɗari da bakwai.
Aka yi dariya har mai shayin bakin ƙofa ya samu rabonsa.
Tara-tara-tara ce, alamar ba a amsa ba,
na bar ta ta shige lissafi da takalminta.
Tun ranar, kafin in haɗa komai,
sai na leƙa mafi girma, na leƙa mafi ƙanƙanta.

Wani ya auna da buhu, wani da tiya,
wani ɗan boko ya rubuta kilo.
Ki mayar da su uwa ɗaya kafin ki tara.
Sunan gari kuma, Allah ya ba ki haƙuri:
hannu huɗu, rubutu huɗu,
injin zai ba ki garuruwa huɗu
inda hakimi ɗaya ne ke zaune.

Idan kin aurar da jadawali biyu,
ƙirga layuka kafin ɗaurin aure, ƙirga bayansa.
In sun ƙaru dare ɗaya, ba albarka ba ce.

Alhaji Nomau ya girbe buhu ɗari huɗu,
maƙwabtansa tara, shida-shida.
Matsakaici zai ce kowa ya ƙoshi.
Jera su sahu, ɗauki na tsakiya,
shi ne bai iya ƙarya ba.

Kowane umarni, rubuta dalilinsa a gefensa,
da Hausa ma in kin so, injin ba ya kishi.
Wadda za ta karanta bayan wata shida
ke ce, kuma ta manta ki sarai.
Kar ki raɗa wa fayil suna "na ƙarshe".
Ina da na ƙarshe, da na ƙarshen gaske,
da na ƙarshe wallahi.
Sa kwanan wata, shekara a gaba.

Ki yawaita adanawa.
Wutar nan ba ta sallama in za ta tafi.

Kafin rahoto ya fita, rufe komai,
buɗe, sake gudu daga layin farko.
Abin da bai maimaitu ba, sa'a ce, ba sani ba.
Ƙarƙashin kowane zane faɗi mutum nawa aka tambaya.
Darakta zai so lambar ta ɗan yi ƙiba.
Ki gaishe shi da ladabi,
ki bar ta yadda gona ta haife ta.

Layi na dubu biyu da goma sha ɗaya,
hekta ɗaya da rabi, gefen gulbi,
gonar ƙanena ce.
Bara sifili ne. An je, an gani.
Bana ki duba mini.

Arzika