Na Ƙoshi

Daren farko a Salamanca
na jira abincin dare tun la'asar,
magariba ta ƙi faɗuwa sai tara da rabi,
cikina yana ta kiran ciroma.
Ƙarfe goma mai gidan da nake haya, Doña Casilda,
ta dire wainar ƙwai da dankali mai kaurin tafin hannu,
ta ce in ci.
Na ce na ƙoshi, yadda aka rene ni,
ina jira ta sake, ta matsa, ta ɓata rai,
ta ce ko loma guda, don girman Allah.
Ta ɗaga kafaɗa, ta ɗauke farantin,
ta rufe firji, ta kashe fitila.
Na kwana ina ƙirga dankalin da ban ci ba.

Sunana Ƙasimu.
Maƙogwaronsu ya gaza ɗaukar ƙa,
suka raɗa mini Casimiro ba tare da rago ba.

Da safe na tare maƙwabcinmu Fermín a matakala,
na shirya masa gaisuwa mai kai da ƙafa:
kwana, gajiya, iyali, sanyi, aiki.
Kafin in kai ga iyali ya kai bakin titi,
ya bar ni da sauran a baki
kamar goron da ya ƙi haɗiyuwa.

A aji malamarmu ta haura sittin,
furfura har gira, littattafanta sun cika kanta,
yara suna kiranta Nieves, gatsau, ba sakaya.
Na sunkuyar da kai don ladabi,
ta ce, "Me ka ɓoye a ƙasa? Dube ni."
Ranar da aka gabatar da ni ga ƙanwar abokina
ta kawo kunci, dama da hagu,
na ja da baya har na ture kujera,
na dafe ƙirji.
Aka yi dariya. Ita ma ta dafe nata,
tun ranar haka muke gaisawa.

Ƙarfe uku na fita sayen sabulu,
gari ya rufe kamar an yi rasuwa.
Tsakar dare kuwa dandali ya cika maƙil,
tsofaffi da sanduna, jarirai a keke,
kare sanye da rigar sanyi da ta fi tawa tsada.
Na ji ihu a teburin gefe, na miƙe rabon faɗa,
ashe hira ce kan man zaitun na wane ƙauye ya fi.

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya
nemi tsumma ka ɗaura.
Nawa tsumman bai zauna daidai ba tukuna.
Har yau ina kau da ido daga cinyoyin alade
da ke reto a rufin shaguna,
har yau hannun hagu in ya miƙo mini burodi
sai wani abu ya motsa a ƙirjina.

Amma Doña Casilda ta ware mini tukunya,
ta ɗaura mata jan zare a hannu.
Da azumi ta riƙa leƙa taga tana gadin rana,
ta buga mini ƙofa: "Casimiro, ta faɗi!"
Yanzu in ta ce in ci, na ja kujera,
in ta ce ƙari, na miƙa faranti.

Jiya na kira Inna a waya.
Ina wuni ɗaya na yi, na faɗa kan magana.
Ta yi shiru, shirun da na sani,
sannan ta ce, "Koma baya, ɗan nan.
Ba ka tambayi gajiyata ba."