Awon Ƙiftawar Ido

A hawa na uku, saman tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
inda ƙugiya ke lilo da kwantena tsakanin teku da ƙasa,
ni da Baltasar mun ja daga tun la'asar
a kan layi goma sha ɗaya na Python.
Ya ce nasa ya fi nawa gudu.
Na ce baki ba sikeli ba ne, a auna.

Na kafa agogo a gaban aikin, na kafa wani a bayansa,
na danna.
Kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa.
Ya tafa, ya ɗauki jakarsa.
Na ce zauna tukuna. Na sake dannawa:
sha tara.
Na sake, shida. Na sake, talatin da ɗaya,
alhali ko waƙafi ban taɓa ba.

Wane ne maƙaryacin, aikin ko agogon?

Agogon farko dai na bango ne, mai jin magana:
a ce masa ka yi latti, ya zabura gaba,
a ce ka zarce, ya ja da baya.
Na sallame shi, na ɗauko wanda ba ya waiwaye.
Gudun farko na watsar,
don na mai tashi daga barci ne, yana lalubar takalmi.
Akwai kuma mai kwashe shara a cikin harshen kansa,
tana shigowa da tsintsiya ba sallama,
a rubuta lokacinta a kan wanda ake aunawa.
Na ce mata jira a waje.

Na auna zagayen da babu komai a cikinsa,
yadda mai awo na gari ke fara ɗora kwano fanko
ya cire nauyinsa kafin ya zuba.
Na rufe waƙar da Baltasar ke ji, na rufe wasiƙu.
Zagaye dubu ɗari, sau bakwai,
nasa, nawa, nasa, nawa,
kada zafin inji ya faɗa kan mutum ɗaya.

Ƙarfe tara lambobi suka ninka haka kawai.
Muka dubi juna, muka dubi allo.
Ashe Doña Ermelinda ce a ƙarƙashin tebur,
ta zare cajarmu ta sa injin shararta,
kwamfuta ta koma kan batir, ta soma tattalin numfashi.
Wannan mai sharar ba a ce mata jira a waje.
Muka ɗage ƙafafu har ta gama.

Daga farko kuma.
Ban ɗauki matsakaici ba, na ɗauki mafi ƙanƙanta,
don abin da ya hau kansa hayaniyar maƙwabta ce.

Nasa ya ci.
Da nawa? in ji shi, ido na ƙyalli.
Kashi bakwai cikin miliyan na daƙiƙa.
Ya ninka da kwantena ɗari tara ta wuni guda,
bai kai ƙiftawar ido ba.

Sai na matsar da agogon layi ɗaya ƙasa,
inda muke jiran amsar ofishin kwastan.
Daƙiƙa huɗu cur, kowace kwantena.
Mun raba dare muna awon ƙiftawa,
hamma na gefe ba wanda ya tanka mata.
An ce sauri ya haifi nawa;
mu nawar ce ta zauna a ɗakin, muna leƙen taga.

Muka fito, iskar gishiri ta tare mu.
Tsohon keken tudu ya rufe tun ɗazu,
sai matakala zuwa unguwa.
Baltasar na hawa yana haki, leɓensa na motsi.
Na ce me kake yi?
Ya ce ƙirga. Gobe zan sake,
hawa ɗaya ba awo ba ne.