Tazarar Ƙwayar Dawa

A Ƙaura Namoda, bayan tasha,
inda layin dogo ya gaji ya tsaya,
tsoho Arzika ya dire min akwatin ƙarfe a kan benci,
ya share shi da hannun riga.
"Wagga fitila ta girme ki, ɗiyata.
Da ita munka kai majigi har Shinkafi.
Tashe ta in gani, tun idona bai ƙare ba."

Na buɗe. Ba ƙwai, ba lagwani.
Sandunan gawayi biyu, kaurin ɗan yatsa,
sun zuba wa juna ido
kamar 'yan dambe kafin a saki kiɗa.

Daren farko na jona ta kai tsaye.
Fiyus ya tashi, layinmu ya mutu,
mai markaɗe ya fito yana tsine wa Nepa,
ni kuwa na yi tsit a duhu,
ƙaurin roba na tona min asiri.

Sai na koma kan takarda,
ga abin da lissafi ya ce:
wannan wuta ba ta san ƙoshi ba.
Kowace waya, in ka ƙara mata kaya, turjewa take yi.
Ita kuwa da ta ɗau zafi sai ƙofarta ta buɗe,
da ta buɗe sai ta ƙara zuƙa,
kamar Gagare ya samu ɓaraka a gaɓa cikin Agusta.
Mai ciyar da ita ba ya wuya.
Mai ce mata ya isa, shi zan ƙera.

Na sayi mataccen injin walda wajen Labbo,
na zare hanjinsa, na ƙirga naɗi da alli a bango.
Bolt saba'in take so kafin ta kama,
in ta kama, arba'in sun ishe ta.
To, talatin ɗin da suka yi saura fa?
Dole wani ya shanye su bai yi magana ba.

Na gwada bokitin ruwan gishiri da faranti biyu.
Minti shida ya yi, ya tafasa,
saura gasara kawai a dama koko.
Na zubar.
Na zauna kwana huɗu ina naɗa jan ƙarfe,
zagaye tamanin, har yatsuna suka yi kanta,
na bar 'yar kafa a cikin ƙarfen,
na cusa mata katin waya guda biyu.
Dabaibayi ke nan: ta yi kiwo, kada ta yi nisa.

Laraba bayan lisha ya zo,
da sandarsa da baƙin gilashi mai tsaga.
Na kunna. Tiransifoma ya hau gurnani.
Na murɗa har gawayin suka haɗa goshi:
ja kawai, da zafi,
allurar mita tana neman tsallake katanga.
"Ja baya," in ji shi. "Kaɗan. Awa ƙwayar dawa."

Na ja.

Wani farin abu ya miƙe a tsakaninsu yana huci.
Bango ya fito da duk tsagarsa,
inuwar ƙusa ta kai ƙofa,
tsaka ta daskare a jikin kalanda,
mai markaɗe ya leƙo, ya kare fuska da kwano.
Mita ta tsaya cak a kan talatin.
Na dube ta har sau uku, ba ta motsa ba.

Amma gawayi ci yake yi.
Tazara ta fara faɗi, hasken ya soma rawa,
kafin in miƙa hannu nasa ya riga nawa,
yana murɗawa a hankali, ko kallon wurin bai yi ba.

"Shekara goma sha tara ina wanga aiki," ya ce.
"Jama'a na ihu, ni ina gadin wagga 'yar kafa.
Ban taɓa ganin fim guda har ƙarshe ba."

Na ɗauki biro zan rubuta sakamako,
sai na ga takardar ta yi fari da yawa.
Na juya baya, na rubuta a cikin inuwata.