Katin Merkén

Ruwan Valdivia ba ya sallama.
Tun asuba yake dukan kwanon rufinmu,
ni kuwa ina goge teburin ƙarfe
karo na huɗu, ƙarfe goma ba ta yi ba.

Aikina riƙo ne.
Likita Ximena ke soka allura,
ni ke danne kafaɗa, in tare ido da tafi,
in raɗa wa kunne ƙarya mai daɗi:
an gama, an gama, saura kaɗan.
Shekara tara ke nan. Dubi damtsena,
duk kyanwar unguwar nan ta sa hannu a kai.

Yau mun ga zomon wata ɗaliba, haƙori ya zarce leɓe,
da 'yan kwikwiyo biyu a kwalin ayaba,
da muzurun mai kifi na bakin kogi
da muka fiɗiye makon jiya.
Har yanzu bai yafe wa kowa ba.

Sai Don Eleuterio ya turo ƙofa,
hula na ɗiga, igiya naɗe a wuyan hannu,
Merkén na biye, ja kamar yajin da ya ci sunansa,
sai dai furfura ta kama masa baki.

Katin riga-kafi ya fito daga aljihun ƙirji, cikin leda.
Na san rubutun nan, na Doña Herminda ne,
siriri, a karkace kamar ciyawa cikin iska:
Mayu, Mayu, Mayu,
sau goma sha ɗaya, ba fashi.
Layin bana fari fat. Ga shi muna Yuli.
"Mun makara," in ji shi.
"Ita ce mai riƙe mana kwanan wata."

Sikeli ba ya kara: kilo biyu sun tafi.
Likita ta ɗaga leɓe, ta leƙa dasashi,
ta matsa ciki, ta saurari ƙirji, ta daɗe tana saurare.
Allurar haukan kare. Ƙwayar ƙuma da kaska.
Ko gezau bai yi ba, ni ma riƙon banza na yi.

"Me yake ci?"
"Abin da na ci."
"Kai me kake ci?"

Ruwa ne ya amsa, a kan rufi.

Ta ja takarda. Shinkafa da kaza, ta ce,
a dafa ta isa baki biyu, don tukunya ba ta son kaɗan.
Kowace Juma'a a kawo shi awo,
a ƙafa, ta bakin kogi, ban da mota.
Asibitin mutane kuma ga shi tsallaken titi,
suna allurar mura har ƙarfe huɗu.

Na san kare ba ya bukatar sikeli duk mako.
Ta san na sani.
Na sunkuya ina neman murfin allura
da yake cikin hannuna.

Ya ari biro. Ya daɗe a tsaye.
Ƙarƙashin Mayunta na ƙarshe
ya rubuta Juma'a, da manyan baƙaƙe masu rawa,
ya hura wa tawadar iska kamar za ta gudu.

Suka fita. Karen ne a gaba.

Na goge tebur karo na biyar.
Akwai wata kyanwa a kwando tana zagina tun ɗazu.