Milimita Goma Sha Ɗaya

Ta shafa min man nan mai sanyi a mara,
ta juyo da allon wai in gani.
Ni toka na gani tana yawo cikin ruwa.
Ita ta ga kai, ta ga tafin hannu,
sai ta yi shiru, ta sake aunawa.

Wai akwai kogon ruwa a ƙwaƙwalwar kowa.
Goma ne iyaka. Naka sha ɗaya.

Shekara tara ina yankan atamfa a Kejetiya,
na san yadda awo ke zamewa
in hannu ya karkata, in mai saye ta yi magana.
Na ce, “Dokta Boakye, ko yaron ne ya motsa?”
Ta ce mai yiwuwa.
Ta ce na'ura tana gani, amma ta bayan labule;
wani ruwan kan janye da kansa,
wani kuma ɗan aike ne, babban na tafe.
Akwai hoto mai zurfi, kuɗinsa sidi dubu da wani abu.

A motar Aboabo na riƙe takardar a ƙirji.
Yaron mota na ta kiran canji, ban ji ba.

Mumuni ya ɗaga hoton saitin fitila,
ya juya shi sama, ya juya ƙasa,
ya ce hancin nasa ne.

Sati huɗu aka ba mu.
Daren jiya na ɗauko tef ɗin awo
na nemi milimita ɗaya.
Ko kaurin farcena bai kai ba.
Kai kuma kana ta shuri, ba ruwanka.