Allon Tagulla

Yau sun zo da allon tagulla,
sun kafa shi a ginshiƙin da na jingina da shi
shekara talatin da ɗaya.
Wai ginin ya zama kayan tarihi,
kada a rushe, kada a taɓa.
Ai ruwan Ikko ya riga su taɓawa.

Ƙofa biyu, rufi ɗaya.
Ta dama gidan waya, ta hagu kotu,
tsakani baranda mai bakan gizo uku,
nan na ajiye tebur da kwalbar tawada.
Mai son gaida gyatumarsa a Gumel ya zauna,
mai son kai kuka gaban alƙali ya zauna.
Kujera ɗaya ce, ba ta tambayar kowa.

Jan bulo ne, kaurin bango kamu guda,
shi ya sa ciki ke da sanyin randa.
Tagogin katako sun saki fikafikai,
gishirin teku ya cinye ƙusoshinsu.
Matakala goma sha ɗaya, ta bakwai tana kuka,
alƙali ya san halinta, yakan tsallake ta.
Agogon goshin ginin ya tsaya ƙarfe huɗu saura,
tantabaru suka gaje shi.

Barau, mahauci daga Agege,
ya sa na rubuta wa mai ɗakinsa:
ina nan lafiya, kuɗi na tafe.
Ya lashi kan sarki, ya manna,
ya jefa a jan akwati,
sannan ya shiga ƙofar hagu.
Wata shida suka ba shi.
Wasiƙar ta hau jirgin ƙasa a Iddo,
ta isa gida da lafiyarsa.

Wannan ba ya cikin allon.
Akwai shekara, akwai sunan injiniya,
babu Iya Sikira da kaskon ƙosanta,
wadda ke ba wanda aka saka kyauta,
ta ba wanda aka ɗaure ninki biyu.

Wata yarinya, Bolanle, mai igiyar awo,
tana ta jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa,
ƙarar danfo na haɗiye rabin maganarta.
Ta ce, Baba, me ka sani game da ginin nan?

Na kai ta baranda,
na share ƙasa da gefen takalmi,
na nuna mata ramuka huɗu a siminti
inda ƙafafun teburina suka ci.
Ta durƙusa ta auna su,
ta rubuta a littafinta.
Ban tambaye ta sunan da ta ba su ba.