Ƙoƙon Telmo

Agusta a Rosario sanyi ne,
iskar kogin Parana na shiga ta hannun riga.
Duk da haka sun zo, su arba'in da 'yan kai,
da barguna, da buhun gawayi, da kujerun ninkewa,
da doguwar wayar wuta da suka jona
a rumfar mai sayar da ƙugiyar kifi.

Ni ban san harshen na'ura ba.
Abin da na sani ƙeyar Telmo ce,
shekara ashirin da shida ina kallonta
tsakar dare, hasken allo ya yi mata rawani.
In na ce, "Wai wa ke biyanka?"
sai ya ce, "Griselda,
wa ke biyan mai nuna wa baƙo hanya?"
Haushi ya sa ni in juya wa bango fuska.

Yau manhajarsu ta cika shekara talatin,
shi kuwa shekararsa biyu a ƙasa.
Na zo da kek da ya tsage a tsakiya,
da ƙoƙon shayinsa mai bakin azurfa
wanda tun ranar ban jiƙa ba.

Wata doguwa mai hular ulu ta riƙe hannuna.
"Ni ce Gauraka," in ji ta.
Gauraka! Wanda suka shekara sha tara suna musu,
wanda Telmo ke kira ɗan taurin kai?
Ashe Ofelia ce, direbar motar 'yan makaranta,
ta kwana a hanya daga Mendoza
don ta ga matar abokin faɗanta.
Ba su taɓa jin muryar juna ba.

Nama na tsartuwa a kan wuta.
Baldomero ya ƙona gefe guda, ya ɗora wa iska laifi.
Can wasu biyu sun ɗaga murya a kan waƙafi,
kare ya sace tsiran alade ya bar su da gardama.
Jirgin waken suya ya wuce a hankali
kamar unguwa guda ta tashi ƙaura.
Kyandir talatin, iska ta hure su kafin mu.

Sai wata yarinya, Ximena, da ƙarfe a haƙora,
ta durƙusa a gefen bargona da tsohuwar kwamfuta.
"Ki duba nan," ta ce, yatsanta na rawa.
Cikin tururuwar alamomin da ban gane ba
ga layi uku da mutum ya rubuta wa mutum:

Kada a taɓa nan.
Yana aiki, ban san dalili ba.
Griselda na kira, abinci ya huce.

Na tuna daren. Miyar kabewa ce.
Sau uku na ɗumama ta.

"Na gano dalilin," in ji Ximena,
"makon jiya, bayan jarrabawa.
In na gyara, maganarsa za ta tafi.
Shi ya sa na jira."

Ashe sunana na kwance a cikin injin asibiti,
a makarantun ƙauyukan da ban taɓa takawa ba,
ina ta kiran mutum ya zo ya ci abinci.

Na ce, "Gyara, 'yata.
Bai gina ɗakin don a kulle ba.
Share biyun farko.
Na ukun dai, in da hali..."
Ofelia ta yi dariya har ta share ido.

Na cika ƙoƙon da ganye, na tsiyaya ruwan zafi,
na sha na farko, mai ɗaci, kamar yadda yake yi.
Ya bi hannu hannu, tsinke ɗaya, baki arba'in,
ya je wurin Baldomero, ya je wurin masu waƙafi,
ya dawo da ɗumin tafin kowa.

A garinmu, in ka ce na gode,
ka ƙoshi ke nan, a tsallake ka.
Ximena ta sake miƙo mini.
Na karɓa. Ban ce komai ba.